Akwatin da Na Raina a Motar Kawu

Kawuna yana da Golf 3 wagon mai injin 2.0, kuma ita ce ke ciyar da gidansa. Daga Rabah yake ɗaukar fasinja zuwa Sakkwato, ranakun kasuwa kuma ya nufi Achida ko Goronyo. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba shi da zance sai na fetur. In ya dawo da dare sai ya zauna ya cire kuɗin mai, ya cire na tasha, ya dubi abin da ya rage ya yi shiru. Ni kuwa a lokacin na gama zango ɗaya a sashen injiniyancin kanikanci a nan Foli, kaina ya cika da bidiyon YouTube, inda matasan Turai da Amurka ke cire akwatin iska na mota su sa wata mataciya mai siffar mazurari, su ce injin ya samu numfashi.

Da na je hutu cikin hunturu na buɗe bonet na nuna masa baƙin akwatin robar da iyakilina ke ciki. Na ce, "Kawu, wanga akwati shi ka shaƙe motag ga. In an cire shi za ta ƙara gudu, ta rage shan mai." Ya ce, "Injiniya, ka tabbata?" Na ce ai mun karanta, alhali ba mu karanta ba, kallo kawai na yi.

Ya kamata in bayyana abin da na taɓa, don wanda ba sashenmu yake ba ya gane. Injin fetur yana son iska da mai a kan ƙa'ida: wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, a ma'aunin nauyi. Wato lita ɗaya ta fetur na buƙatar iska kusan lita dubu tara kafin ta ƙone yadda ya kamata. A mota mai injekta, ƙwaƙwalwar motar, wadda makanikai ke kira birenbos, ita ke yanke yawan man da za a fesa. Ita kuma ba ta ganin iska, sai abin da wata ƙaramar na'ura ta faɗa mata, wadda a gareji ake ce wa iyafulo. Tana zaune ne tsakanin iyakilina da maƙogwaron injin. A cikinta akwai wani ɗan siririn abu da lantarki ke ɗumamawa. Iskar da ke wucewa tana sanyaya shi, yawan wutar da ake buƙata don ya riƙe zafinsa kuma shi ke nuna nauyin iskar da ta shiga. In aka yi wa wannan ɗan abu ƙarya, ƙwaƙwalwar ba ta da hanyar ganewa sai ta na'urar da ke sansano hayaƙi a salansa. Ta motar Kawu kuwa ta mutu tun lokacin da wani mai ita na baya ya sayar da abin da ake kira indomi.

Na saya mazurarin a Sakkwato da kuɗin aljihuna. Na cire akwatin, na yanko bututun roba mai faɗi, na lanƙwasa shi, na ɗaura iyafulo daidai bayan lanƙwasar. Kilif ɗaya bai kama da kyau ba, na naɗe wurin da robar tayar babur. Sannan, don na ji an ce irin wannan mataciya ana shafa mata mai, na jiƙa ta da baƙin mai. Har yau in na tuna wannan sai in ji kunya ta kama ni.

Da aka tayar da mota ta yi wani gurnani mai daɗi. Yaran unguwa suka taru. Kawu ya taka totur sau biyu ya yi murmushi. Kwana uku yana gaya wa abokansa a tasha cewa ɗan ƙanwarsa ya gyara masa mota, ni kuma ina ta hura hanci. Gurnanin dai shi ne kaɗai abin da muka samu, domin akwatin da na cire yana danne ƙarar shigar iska.

Ranar ta biyar na bi shi Goronyo. Mun shiga har gonakin rani na ƙasan madatsar ruwa don ɗauko buhunan albasar wani mutum, hanya ba kwalta, ƙura ta tashi har ba ka ganin motar gabanka. A dawowa, da buhu a but da fasinja shida, motar ta fara shiƙa. In Kawu ya taka sai ta yi kamar za ta mutu, sannan ta fizga. A tsaye kuma sai ta riƙa rawa. Sau biyu ta mutu a kan titi. La'asar ta wuce, kuma duk wanda ya san gabashin jihar nan a shekarun nan ya san ba wanda ke son magariba ta same shi a gefen wannan hanya. Ba wanda ya yi magana cikin motar sai wata tsohuwa da ke ta salati a baya. Kawu bai dube ni ko sau ɗaya ba, wanda ya fi mini zagi ciwo.

Da giya ta biyu muka lallaɓa muka shiga Wurno. Fasinja suka nemi wata motar, Kawu ya mayar musu da kuɗinsu. Aka nuna mana wani dattijon makanike da ke shirin tashi. Ya haska bonet da fitilar waya ya ce, "Wa yay yi wanga aiki?" Na ce ni ne, Baba. Bai yi dariya ba. Ya sa aka tayar, ya zare soket ɗin iyafulo, nan take rawar ta ragu. Ya ce to ga mai laifin, domin in an zare ta ƙwaƙwalwar na komawa wani lissafi na ko-ta-kwana da aka ajiye mata. Mota za ta tafi a haka, sai dai ta sha mai. Ya kwance na'urar ya miƙo mini. Cikinta ya yi baƙi da wani laka, man da na shafa ya haɗu da ƙurar fadama ya lulluɓe ɗan abin nan, iska ba ta taɓa shi sosai. Tana faɗa wa ƙwaƙwalwa iska kaɗan ce ta shiga, ita kuma tana rage mai, injin na jin yunwa. Ya kuma sa yatsa inda na naɗa robar taya, ya nuna mini iska na kutsawa ta nan ba tare da an auna ta ba, da ƙurarta, kai tsaye zuwa cikin injin.

"Ina akwatin nata?" Na ce yana gida. Ya ce, "Ka tahi ka ɗauko shi. Waɗanda sunka yi shi ba mahaukata ba ne."

Sai da na dawo makaranta na zauna da littafi na gane sauran ɓarnar. Akwatin na janyo iska ne daga gaban mota, inda take da sanyi. Mazurarina kuwa yana shaƙar iskar cikin bonet, kusa da injin mai zafi. Iska mai zafin digiri 60 ta fi mai digiri 30 rashin nauyi da kusan kashi 9 cikin ɗari, don haka ƙarfi ma na rage mata. Lanƙwasar da na sa gaban na'urar kuma tana hargitsa iskar, alhali an saita ta ne a kan iskar da ke zuwa a miƙe. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba a nan asarar man Kawu take ba tun farko. Fulogoginsa sun tsufa, iyakilinarsa ta toshe da ƙura don ya fi shekara yana kaɗe ta yana mayarwa. Da sabuwar ta takarda na saya masa, da kuɗin bai kai na mazurarin ba.

Ban ce duk gyaran hanyar iska shirme ba ne. Masu motocin tsere na yi, amma suna aunawa, suna sake saita ƙwaƙwalwar, kuma ba sa shiga fadamar Goronyo da buhunan albasa. Mu a nan abin da ya fi yawa shi ne a zare soket a bar shi, ko a cire injekta gaba ɗaya a sa kafireto don makanikin ya fi sabawa da ita, sannan direba ya yi ta kukan mai.

A Wurno muka kwana, a gidan wani abokin Kawu. Da safe na hau babur zuwa Rabah na ɗauko akwatin daga bayan ɗakin da na jefa shi, kaza har ta fara kwanciya a ciki. An wanke na'urar ba ta dawo daidai ba, sai da aka sayo ta Beljiyam. Kawu ya yi asarar aikin kwana biyu, mai albasa kuma bai sake kiransa ba a wannan kakar. Rabin kuɗin na biya daga alawus ɗin aikin koyon sana'a da na yi daga baya, rabin ya ce in bar shi. Har yanzu Injiniya yake ce mini, amma in zai buɗe bonet sai ya aike ni sayen ruwa.