Takardar Awon Jini da Gudan da Ke Ɓoye a Ciki

Mu Hausawan Kamaru muna girmama takardar awon jini fiye da kima. Daga Marwa zuwa Garwa har Yawunde, in ciwon ciki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, tambayar farko da dangi ke yi ita ce ko an ɗebi jini. Takarda ta fito da Faransancinta, sai a nemo ɗan makaranta ya karanta, shi kuwa kalma ɗaya idonsa ke nema, negatif. Da ya gan ta sai a yi hamdala, a koma kan maganin olsa ko na taifot, wasu kuma su ce ai dama ciwon ba na asibiti ba ne.

Akwai ciwon da wannan takarda ba ta iya yanke masa hukunci, wato daskarewar jini a jijiyoyin ciki. Jinin da ya kwaso abinci daga hanji da wanda ya fito daga saifa suna haɗuwa a wata babbar jijiya mai shiga hanta, kuma kusan kashi 3 cikin 4 na jinin da hanta ke samu ta nan yake biyowa. In guda ya toshe ta, ko ya toshe rassan da ke zuba mata daga hanji, jini ya rasa mafita, hanji ya kumbura, in abin ya tsananta ya mutu. Mara lafiya yana murƙususu, likita kuwa ya taɓa ciki ya ji shi da laushi.

Awon da aka fi dogara da shi wajen neman gudan jini sunansa D-dimer. Ba gudan yake gani ba, ɓurɓushin da ke zuba a jini ne yayin da jiki ke ƙoƙarin narkar da shi, kuma yawancin ɗakunan awo suna sa iyaka a 500. Hayaƙi ne ke nan: ya nuna akwai wuta a gari, bai faɗi gidan wa ba. Yana hawa ga mai juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata, da mai sikila, da mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, har tsufa kaɗai yana ɗaga shi. Ga mai tsohon ciwon hanta kuwa, wanda shi ne gudan ya fi kamawa, awon kan fito sama ko da guda ko babu, balle in ruwa ya taru a ciki. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a arewacin ƙasar nan.

Inda awon ya yi suna shi ne gudan ƙafa da na huhu. Can, in ya fito ƙasa kuma likita ba ya da zargi mai ƙarfi, ana iya sakin jiki. Jijiyoyin ciki ba su sami irin wannan tabbaci ba. Gudan da ya daɗe yakan daina zubar da ɓurɓushi, sai awo ya fito lafiya lau alhali hanya a toshe take.

Abin ya fi ban tausayi ga yara. Jijiyar cibiya tana da hanya har cikin wannan jijiya ta hanta, saboda haka cibiyar da ta ruɓe a kwanakin jego tana iya barin guda a can. Mu kuwa mun san abubuwan da akan shafa wa cibiya a gidajenmu da sunan ta yi saurin faɗuwa. Shekaru su wuce, yaro ya tashi da ƙatuwar saifa, a ɗora wa sauro laifi, awon hanta ya fito ba matsala domin hantar lafiyarta ƙalau, sai ranar da ya yi aman jini.

Akwai kuma wata yaudara. Awon mai ciwon hanta kan nuna jininsa yana jinkirin daskarewa, sai a zaci guda ba zai kama shi ba. Alhali hanta ce ke yin sinadaran daskarar da jini, ita ce kuma ke yin masu hana shi daskarewa, in ta gaza duka biyun ke raguwa.

Hoto ne ke raba gardama. Eko mai duba gudun jini, wanda ake kira Doppler, yana nuna jijiyar hanta sarai. Rassan hanji kuwa iska kan tare su, sai an shiga sikana an zuba ruwan da ke haska jijiya. Mun san kuɗin sikana ba na wasa ba ne, kuma ba kowane gari ke da ita ba, shi ya sa muke son takarda mai araha ta wadatar da mu. Amma in an gano gudan yana sabo, maganin tsinka jini kan iya buɗe hanyar. In ya tsufa, jiki ya riga ya haƙa ƙananan hanyoyi a gefensa, jini kuma ya taru a jijiyoyin maƙoshi, aikin likita ya koma ɗaure su don kada su fashe.