Galmi: garin albasa da gidan likita

Galmi gari ne cikin jahar Tawa, bakin babbar hanyar da ta tashi daga Yamai zuwa Damagaram, tsakanin Kwanni da Madawa. Baƙo ya sauka, abin da zai fara ji shi ne ƙanshin albasa. Ga ta cikin buhunna bakin hanya, ga ta ajiye cikin rudu. Manyan motoci suna ɗaukar ta har Abijan da Ankara.

Abu na biyu da aka san Galmi da shi, gidan likita ne. Ƴan mishan suka buɗe shi a 1950. Tun da asuba mutane ke isowa, wasu bisa amalanke, wasu bisa kabu-kabu, wasu daga Najeriya. Cikinsu akwai masu zuwa karɓar maganin Sida.

A 1987 aka fara ganin Sida a Nijar. A 2004 gwamnati ta soma ba da maganinta, kuma kyauta ne. Maganin ba ya kashe cutar gaba ɗaya, amma yana danne ta. Mai shan shi kullum yana noma, yana kiwo, yana riƙe iyalinsa.

Sai dai magani mai ƙarfi wani lokaci yana taɓa jiki. Akwai mai suna zidobudin, yana rage jini. Nebirapin yana kawo ƙuraje, yana taɓa hanta. Efabirenz yana sa jiri da mugun mafarki. Tenofobir yakan wahal da ƙoda. A 2019 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a sa dolutegirabir gaba. Ya fi sauƙi ga jiki, amma wasu yana hana su barci, wasu yana sa su ƙiba.

Awon jini shi ke nuna halin ƙoda da hanta. Ba kowane ƙaramin gidan likita na ƙauye ke da injin awo ba. Hanya da nisa, kuɗin mota da wuya, ga damina in ta kama ba a barin gona. Don haka babban kayan aiki shi ne idon ma'aikacin lafiya da bakin mai jinya. Ana duba cikin ido da tafin hannu, ko sun yi fari. Ana duba fata, a ɗora mutum bisa sikeli. Sauran kuwa sai an faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba.

Tashin zuciya da ciwon kai sukan wuce bayan ƴan makonni. Amma in ido ya yi ruwan ɗorawa, ko ƙuraje sun fito da zazzaɓi da gyambon baki, ko ƙafafu sun kumbura, ba a jiran ranar kasuwa. A tafi likita ranar nan, da karne a hannu. A faɗi duk abin da ake sha, har saiwoyi da maganin ƴan tebur. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Babban hatsari shi ne mutum ya ajiye magani shiru don ya dame shi. Cuta ta farka, ta yi ƙarfi, wata rana maganin ya daina kama ta. Likita kaɗai ke da ikon canza wani da wani.

Kukan mai jinya ba ya tsayawa Galmi. Akwai takarda da ma'aikaci ke cikawa: wane magani, wace alama, wace rana. Sirrin mutum yana nan rufe. Takarda ta tafi ma'aikatar lafiya a Yamai. Ƙasashen duniya kuma suna tara irin wannan labari a garin Upsala, ƙasar Suwidin, tun 1978.

Amfanin haka ya bayyana. Da can akwai magani mai suna sitabudin, mai araha, ana ba da shi ko'ina a Afirka. Masu sha suka yi ta faɗin ƙafafunsu suna zafi da mutuwar jiki, kumatu suna lotsewa. Aka rubuta, aka tara. A ƙarshen 2009 OMS ta ce ƙasashe su janye shi.

Da la'asar motocin albasa sun kama hanya, masu jinya sun nufi ƙauyukansu da kwalbar magani. Wanda ya faɗi abin da ke damun shi ya taimaki kansa, ya taimaki wani da bai taɓa gani ba.