Maiduguri: Tsohuwar Ƙofar Gabas da Masu Neman Izinin Aiki a Waje

Wanda ya shigo Maiduguri ta hanyar Damaturu, ya baro Jakana da Auno, ya ƙetare shingen Njimtilo, inuwa ce za ta fara yi masa maraba. Itatuwan dogon yaro sun yi sahu a bakin tituna, Keke Napep na ta kai da komo a ƙarƙashinsu, domin tun 2011 aka hana babura yawo a garin. A Kasuwar Monday, wadda aka sake ginawa bayan gobarar 2023, a rumfa guda sai ka ji Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa, jefi-jefi har da Faransanci, ga ƙamshin turaren wuta da humra ya cika layin. Jihar Borno ta yi iyaka da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma daga nan Njamena ta fi Abuja kusa nesa ba kusa ba. Shi ya sa zancen fita waje neman abinci tsohon zance ne a garin. Abin da ya sauya shi ne irin guzurin da tafiyar take bukata.

Tun daga 1907, lokacin da Shehu Garbai na Borno ya mai da fadarsa Yerwa, wato Maiduguri ta yau, garin ya zama zangon ƙarshe na mahajjatan ƙasa kafin su bar Najeriya. Daga nan ayari ke bi ta Dikwa zuwa Fort Lamy, wato Njamena ta yau, ya wuce Abeche, ya shiga Darfur ta Junaina da Fashir, ya kai Ubayyid da Khartum, ya ƙare a gaɓar Bahar Maliya. Tafiyar kan ɗauki shekaru, kuma da ƙwadago ake cin ta: a yi noma a wannan gari, a yi ɗinki ko koyar da allo a wancan, a tara na gaba. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sennar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka riƙe dubban mutanenmu, wasu har abada. Jikokinsu na nan a Sudan. Turawan mulki sun sa ido a kan wannan hanya, har Razdan na Borno, H. R. Palmer, ya bi ta da kansa ya rubuta rahoton tafiyarsa daga Maiduguri zuwa Jidda a 1919. Daga baya aka shigo da fasfon mahajjata. Duk da haka, manomin da ya tsaya cirar auduga a Jazira ƙarfinsa da amanarsa ne shaidarsa.

Jikan wancan manomi a yau daga shagon kwamfuta yake fara tafiyarsa. A kewayen Post Office da sauran manyan mahaɗun garin akwai irin waɗannan shaguna birjik: janareto na ruri a waje, na'urar ɗaukar kwafi a lungu, farin ƙyalle a bango don hoton fasfo. Nan za ka ga samari da 'yan mata riƙe da jakar leda mai cike da takardu, suna jiran mai kwamfuta ya cike musu fom a shafin Hukumar Shige da Fice. Fasfo ne matakin farko, kuma ba ya samuwa sai da lambar NIN, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da shaidar ƙaramar hukuma. Tun 1 ga Satumba 2025 kuɗin mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma kuma 200,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000.

Tun a wannan mataki Maiduguri ke da nata ciwon kan. Mutum Modu ne a takardar firamare, Muhammad a NIN. Bukar a nan, Abubakar a can. Falmata a katin zaɓe, Fatima a shaidar makaranta. A gida kowa ya san mutum ɗaya ne, amma kwamfuta ba ta san wannan zumunci ba, sai an koma gyaran suna a ofishin NIMC, a yi rantsuwa a kotu, a jira. Ga kuma dubban da suka gudo daga Bama da Gwoza da Baga da Marte a shekarun Boko Haram, suka baro takardunsu a gidajen da aka ƙone. Waɗanda suka sake haɗa nasu da ƙyar, ambaliyar madatsar Alau ta 10 ga Satumba 2024 ta bi Gwange da unguwannin kewayen fadar Shehu ta jiƙe su. Ga mutane da yawa a nan, kafin a kai ga neman izinin wata ƙasa sai an fara shawo kan taka ƙasar ta yarda kai ne kai.

Daga nan hanya ta rabu uku. Ta farko ita ce ta maƙwabta, wadda ke tashi daga tashar Muna, ta bi Mafa da Dikwa zuwa Gamborun Ngala, a haye gada a shiga Fotokol, a wuce Kusiri, a ƙetare kogin Logone zuwa Njamena. Masu gini da kanikawa da teloli da direbobi sun daɗe suna bin ta. Sai dai Chadi da Kamaru ba sa cikin ECOWAS, don haka yarjejeniyar 1979 da ta ba ɗan Afirka ta Yamma damar shiga ƙasar ɗan'uwansa ya yi kwana 90 ba biza ba ta kai can ba. Wata fahimta ce daban tsakanin gwamnatoci ta sauƙaƙa ziyara. Ziyara kuwa daban, zama da aiki daban. Mai son ya zauna sai ya nemi katin zama, mai son aikin albashi a kamfani kuma sai hukumar ƙwadago ta ƙasar ta sa hannu a kwantiraginsa. Akasarin masu sana'ar hannu ba sa bi ta nan, sai su dogara da dangi da mai masauki, su riƙa sallamar jandarma a kowane shinge. Nijar ma, wadda ake shiga ta Damasak zuwa Diffa, ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso.

Hanya ta biyu, wadda ta fi cika bakin mutane a majalisun shayi, ita ce ta Saudiyya. A nan ne aka fi yin ruɗani, domin tsarin ba daga ma'aikaci yake farawa ba. Mai ba da aikin, wato kafil, shi ne ke neman izinin ɗauko baƙo daga hukumomin ƙasarsa, a rubuta kwantiragi, sannan ma'aikaci ya yi gwajin lafiya, ya kawo shaidar 'yan sanda cewa ba shi da laifi, a buga masa bizar aiki. Bayan ya sauka ne kafil zai fitar masa da igama, katin da ke halatta masa zama. Bizar Umara ko ta ziyara ba ta juyewa ta zama wannan. Wanda ya shiga da ita ya maƙale, takari ya zama, kullum cikin ɓuyan askar, ƙarshensa sau da yawa gidan tarhil na Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora, da jirgin dawowa. Ko mai igama ma igiyarsa na hannun kafil. Gyaran dokar ƙwadago da Saudiyya ta yi a Maris 2021 ya sassauta sauya wurin aiki ga ma'aikatan kamfanoni, amma bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba, kuma nan ne yawancin masu tashi daga Arewa suke faɗawa.

Ta uku ta masu takardar boko ce. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, da asibitin koyarwarta sun yaye likitoci da nas-nas da masu haɗa magunguna da yanzu suke aiki a Saudiyya da Ingila. Nasu layin ya fi tsawo: a kai shaidar digiri Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da ta Harkokin Waje a Abuja a buga hatimi, kamfanin DataFlow ya tantance ta, a zauna jarrabawar Prometric kafin hukumar lafiya ta Saudiyya ta yi rajista. Mai nufin Ingila sai ya ci jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, ya yi gwajin tarin fuka, ya samu asibitin da zai tsaya masa. Ƙofar kula da tsofaffi, wadda mutane da yawa suka sayar da fili saboda ita, gwamnatin Birtaniya ta rufe ta ga sababbin masu nema daga waje a Yulin 2025.

Abin da ya haɗa hanya ta biyu da ta uku shi ne babu wadda ake ƙarasawa a Maiduguri. Ofisoshin jakadanci suna Abuja, ƙaramin ofishin Saudiyya yana Kano, tafiyar yini guda a mota. Kowane hatimi na nufin kuɗin mota, da masauki, da sammako don a wuce hanyar Damaturu kafin sojoji su rufe ta. A cikin wannan tazara ejan ke cin kasuwarsa. Shi zai ce a ba shi fasfo da kafin alƙalami, a koma gida a jira kira. Akwai na kirki a cikinsu, amma doka ta ce mai ɗaukar 'yan Najeriya aiki zuwa waje sai da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, kuma ba kasafai ake tambayar wannan lasisi ba, don ejan ɗin yakan zama ɗan unguwa, ko surukin wani, ko Alhajin da ake jin nauyinsa. Hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 don yaƙi da safarar mutane, tana da ofishin shiyya a garin, sai dai galibi bayan ta ɓaci ake tunawa da ita.

Garin kuma na da baƙinsa masu irin wannan takarda. Ma'aikatan agaji daga Kenya da Pakistan da Faransa da ke yawo cikin fararen motoci, kowanne ƙungiyarsa ce ta nema masa gurbi da katin zama na CERPAC daga hukumomin Najeriya. Ƙa'idar ɗaya ce ko'ina: mai aiki ne ke kiran ma'aikaci, da suna da adireshi da albashi a rubuce.

Saboda haka tsofaffin da suka zauna Makka da Jidda suka dawo, in matashi ya zo musu da albishir ɗin ya samu hanya, ba sa saurin taya shi murna. Sukan tambaye shi wane ne kafil ɗinsa, wace irin biza ce aka buga masa, ya ga kwantiragin da idonsa kuma an karanta masa shi da harshen da yake ji, sannan a hannun wa fasfonsa zai kwana in ya sauka. Wanda ya amsa waɗannan ba inda-inda, sai a yi masa addu'a a raka shi tasha. Wanda ya kasa, akan ce masa ya dakata da sayar da Keke Napep ɗinsa tukuna.