Kututturen da muka tumɓuke

Duk wanda ya fita daga Maraɗi ta hanyar Jiratawa ko ta Tibiri a 'yan shekarun nan ya ga abin da ke damuna. Gonakin gero sun koma filaye, an kafa duwatsun siminti a kusurwoyi, an rubuta lamba. Ba a ko haƙa harsashi ba, an riga an kwantar da gawo. Mai filin yana Yamai ko Legas, sai ranar da Allah ya hore masa zai zo ya gina, amma itacen ba a bar shi ya jira ranar ba.

Mu da muka ga 1973 da 1984 ba mu da uzurin yin shiru, don mun ga ƙasar nan tsirara, kuma da hannunmu muka tuɓe ta. A zamanin gyaɗa malaman gona suna bin ƙauyuka suna cewa manomin kirki shi ne mai gona fes, wadda garmar shanu za ta ratsa ba ta ci karo da saiwa ba. Muka yarda. Kalgo, sabara, magarya, duk kututturen da ya toho muka bi shi da gatari da wuta. Ga kuma dokar daji ta lokacin: itace na gwamnati ne ko da a gonar ubanka ya tsiro, ka sare reshe a ci ka tara. To wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Tun yana ƙarami ake kashe shi. Sakamakon kowa ya sani. Iska ta binne shuka da rairayi, a sake shukawa, ta sake binnewa. Mata su wuni neman itacen girki, su dawo su hura wuta da kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya koma gona ya zama taki.

A 1984, shekarar yunwar da muke kira El-Buhari, shugaban ƙasa Seyni Kunce ya tara manyan ƙasa a nan Maraɗi kan yaƙi da hamada. An yi ta dashen bedi, wasu suka kama, da yawa awaki da rani suka cinye. Abin da ya cece mu yana ƙarƙashin ƙasa. Tony Rinaudo, wani ɗan Ostireliya da ke aiki da mishan, ya lura cewa 'yan ganyayen da ke tohowa a gonaki itatuwa ne masu tsohuwar saiwa da rai. Ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ka sassabe sauran, ka kare su daga dabbobi, shi ke nan. Sassabin zamani aka sa masa suna, ko da yake kakanninmu sun san gawo ba a taɓa shi: yana zubar da ganye da damina, gero ya yi kyau a gindinsa, da rani tumaki su ci 'ya'yansa. Da farko don hatsin taimako mutane suka yarda, kuma da aka daina rabon da yawa suka sare abin da suka rena. Waɗanda suka daure aka yi musu dariya, daga baya maƙwabta suka zo sayen itace a wurinsu. Yau masu bincike suna lissafin hekta wajen miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a jihohin Maraɗi da Damagaram, mafi yawansu ba wanda ya dasa su.

Shekara 40 aka yi ana wannan gyara, yanzu yaro zai sayar da gonar gado a wuni ɗaya ya sayi babur da waya. In ka yi magana ya ce, "Baba, noma ba ya biya." Ga buhunan gawayi a kowane lungu, ga motocin itace daga Baban Rafi ba dare ba rana. Ina jin zafin wannan ƙwarai.

Sai dai gidan da nake rubutun nan a cikinsa, a unguwar Zariya nan Maraɗi, gonar wani ce a da. Gari dole ya faɗaɗa, jikokina ma suna neman inda za su sa kai, kuma ba zan ce wa matar da ba ta da kuɗin gas kada ta sayi gawayi ba. Maraɗi kanta sai da ambaliyar 1945 ta tashe ta daga bakin gulbi ta hau tudu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne masu komawa su yi gini a fadamar da ruwa ya kori iyayenmu daga cikinta.

Ci-gaban da na yarda da shi yana Jiratawa: noman rani, zogale, albasa, tumatir, matasa suna samun na kansu ba su tafi ci-rani ba. Amma a can ma ruwan daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi, kuma tun da aka gina madatsar Jibiya a jihar Katsina gulbi bai ƙara malala fadama kamar yadda muka san shi ba. Kowa na haƙa rijiyar burtsatse, ba mai tambayar abin da ke mayar da ruwan.

Kututturen nan dai nake komawa kansa. Mun tumɓuke shi ne don ba namu ba ne. A 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta ba manomi mallakar itacen da ya rena a gonarsa, kuma ta kyauta. Amma ranar da gona ta koma fili, itacen ya sake zama marar uba. Ina roƙon magadan gari da sarakunanmu na Katsinar Maraɗi da Gobir: kafin a yanka wata gona, a ƙirga gawo da tsamiya da kanyar da ke cikinta, a rubuta su a takardar fili da sunan mai saye, a karkata layin titi inda babban itace ya tsaya.