A Kai Yara Birni Ko Ana Hunturu



Da zarar hunturu ya kama, mu iyaye mata babu abin da muka iya sai tsare yara a ɗaki. Kada ka fita akwai sanyi, kada ki taɓa ruwa za ki yi mura. Gaskiya ne yaro ba ya jure sanyi kamar babba, amma ni a ganina duk shekara babu lokacin da ya fi wannan dacewa a kai yara birnin Kano su ga tarihinsu da idonsu. Babu ƙunar rana irin ta bazara, babu ruwa da taɓo irin na damina, 'yan boko suna hutun Disamba, ga shi an gama girbi, ɗan abin da maigida ya samu bai ƙare ba tukuna.

Dubi dai nan Bebeji. Duk yaron da ya tashi a ƙasar nan ya san sunan Bagauda, amma a wurinsa sunan dam ne da makarantar lauyoyi. Tambaye shi wane ne Bagauda, sai ya yi miki zuru. Alhali kuwa daga kansa ake fara lissafin sarakunan Kano, tun shekarar 999. Yaron nan zai lissafa miki 'yan fim da 'yan ƙwallo ba gargada. To laifin wa ke nan, idan ba namu ba da ba mu nuna musu?

Wannan ne ya sa na lallaɓi baban yara har ya yarda ya kai mu. Da surukata ta ji sai ta ce, "Ke 'yar nan, a wannan hazon za ki kwashe mini jikoki?" Na ce, "Inna ki yi haƙuri, ba da asuba za mu fita ba, sai rana ta ɗaga." Na shafe su da man kaɗanya har leɓe da dugadugai saboda faso, kowa rigar sanyi da hula da safa. Na zuba kunu a filas, na dafa ƙwai, na ƙulle ƙuli-ƙuli da dabino, don yaro mai jin yunwa ba ya sauraron tarihi.

Gidan Makama muka fara zuwa, tunda cikin gini ne, iskar safe ba za ta dame su ba. A gidan ne Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya zauna kafin ya gina fadar da sarakunan Kano suke zaune a ciki har yau. Yanzu gidan adana kayan tarihi ne. A gaban tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni babansu ya ba su labarin 1903, yadda sojojin Turawa suka taso daga Zariya, garin da ya fara rufe musu ƙofa shi ne Bebeji, sai da suka harba igwa suka fasa ta, sannan suka wuce suka ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Babban ɗana ya juyo ya ce, "Umma, ashe da mu a cikin labarin?" Wallahi maganar nan ta biya ni kuɗin mota.

Daga nan sai marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. 'Yar uwa, nan fa ki riƙe hannun ƙanana da kyau, ramukan rinin suna da zurfi kuma a ƙasa suke ba shinge. Yara sun ga yadda ake tsoma farin ƙyalle a ruwan baba da toka, a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa, har ya koma shuɗi. Sun kuma ga ramuka da yawa a bushe babu mai aiki a kansu, abin da ya sosa mini rai ke nan.

Dala muka bari sai bayan azahar, lokacin da gari ya ɗan yi ɗumi. Na goya auta, sauran suka riƙa hawa matakala muna hutawa. Iskar saman dutsen ba wasa, don haka kada ki bari a cire hula. Duk da hazo mun hango Goron Dutse da gidajen cikin birni shimfiɗe a ƙasa, aka ba su labarin Barbushe da mutanen da suka zauna a gindin dutsen tun kafin zuwan Bagauda. Kasuwar Kurmi kuwa mun bar ta sai wani jiƙon, lungunanta matsattsu ne, mai yara ƙanana sai ta yi ta waige. Wuri uku ya ishi yaro a yini ɗaya.

Abin da ya sa nake cewa kada a jinkirta shi ne, abubuwan nan tafiya suke yi. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa tsakanin 1095 da 1134, yau wurare da dama ta zaizaye, wasu wuraren an yi gini a kanta. Idan muka ce sai yara sun girma, wata rana suna kawai za mu nuna musu.

Ku 'yan uwa na Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, wadda ta ga hanya ta yi mata nisa ta kwana gidan dangi a birni, ta haɗa da zumunci. Kuɗin tafiyar bai kai na ankon biki ɗaya ba, anko kuwa ya koɗe, abin da yaro ya gani yana nan har tsufansa. Hausawa suka ce gani ya kori ji. Allah ya raya mana zuri'a, ya sa su san tushensu, amin.