Tafiyar ƙasa a kwarurrukan Adar

Matafiyin da ya bar Madawa ya nufi Buza da Keita, ya kamata ya sauka daga mota. Adar ba ta da gandun daji irin na W. Duwatsunta da kwarurrukanta gonakin mutane ne.

Mai tafiya a ƙasa ne ke ganin yadda ruwan damina ke gangarowa daga fako, ya yanka kwazazzabo, ya ci gona. A kwarin Majiya zai ratsa layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 don tare iska. A gangaren Keita kuma zai tarar da jerin duwatsun da aka soma girkawa a 1984, lokacin fari, galibi da hannun mata, ladansu abinci.

Sai dai inda jeri ya ɓalle ba a gyara ba, kwazazzabo yakan dawo. Malamin da ya fito da ɗalibansa wuni guda, suka bi ƙorama daga tudu har fadamar albasa, zai nuna musu cewa ruwan da aka tare a bisa shi ke cika rijiyoyin kwari. Gyaran jerin nan, gobe a hannunsu yake.