ABIN DA YA RABA 'YAR JARIDA DA MAGULMACIYA

Yau ina so ne mu ɗan taɓa hira a kan wani karatu da mutane da yawa ke yi wa kallon ba na 'ya mace ba ne, wato karatun aikin jarida. Ni shi na karanta, kuma ba a babbar jami'ar nan ta Ahmadu Bello da ke Samaru ba, a wata 'yar ƙaramar jami'a ce wadda in na faɗi sunanta sai an ce, "A ina take kuma?"

To amma ki sani 'yar'uwa, ƙanƙantar makaranta ba ta rage ni da komai ba. A ajinmu ba mu fi mu talatin ba, malami ya san sunan kowa, in ba ki zo ba sai ya tambaya ko lafiya. Ranar shiga ɗakin koyon karanta labarai kuwa babu wurin ɓuya, dole layi ya zo kanki ki zauna gaban makirfo, murya na rawa, ki karanta, a gyara miki, ki sake, har bakinki ya faɗa. Ai ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Mu 'yan Tudun Wada ma bai kamata a ba mu labarin wannan aiki ba, don a ƙofar gidanmu ya girma. A nan Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, ga kuma Kamfanin Gaskiya nan kusa da mu da aka kafa a 1945. Alhaji Abubakar Imam da ya riƙe jaridar malamin makaranta ne da ya fito daga Kwalejin Katsina, bai taɓa shiga wata jami'a don koyon aikin jarida ba, amma har gobe ana ambatonsa.

Matsalar da na fi fuskanta ba ta cikin aji ba ce, ta bakin mutane ce. Wata rana a gidan suna wata gwaggon maigidana ta dube ni a gaban jama'a ta ce, "Ke yanzu fisabilillahi duk karatun duniya ki rasa na yi sai na gulma? Ai gulma ce kawai aka ba ta takardar shaida." Mata suka kwashe da dariya. Na ce, "Gwaggo, Allah Ya ja da ranki, ai maganin gulmar ake koya mana." Ban ƙara ba saboda girmanta, amma ke bari in ƙarasa miki.

Abin farko da aka koya mana shi ne duk labarin da ya zo miki sai kin yi masa tambayoyi shida: wa ya yi, me ya yi, a ina, yaushe, don me, kuma ta yaya. Na biyu, bakin mutum ɗaya ba ya tsayar da labari, sai kin sami na biyu wanda bai ji daga na farkon ba. Na uku, wanda ake zargi sai an je an ji ta bakinsa kafin a buga. Magulmaciya kuwa hujjarta ɗaya ce tak: "wai an ce". Malaminmu har jan biro yake sa wa duk inda ya ga "wai" a takardarki, ya rubuta a gefe, "In ji wa?" Addininmu ma ai tuni ya yi umarni a cikin Suratul Hujurati da a bincika labari kafin a yi aiki da shi.

Kada ki ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Kin tuna watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola? Cikin dare aka yi ta buga waya ana tashin mutane, wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Iyaye mata suka tashi yara suka ɗura musu. Gari ya waye wasu na kwance a asibiti, wasu ma suka rasa rayukansu, alhali Ebolar ba ta ko iso Arewa ba. Da kowace uwa ta tsaya ta ce "in ji wa?" da ba a kai ga haka ba. Yau kuma da WhatsApp ke hannun kowa, murya ɗaya da aka tura a zauren matan unguwa ta isa ta fasa auren yarinya ana saura mako guda biki. Magana zarar bunu ce.

Sannan akwai labarin da namiji ba zai taɓa samowa ba komai ƙwarewarsa. Shin zai shiga ɗakin maijego? Zai zauna da matar da aka sako da 'ya'ya biyar ta buɗe masa cikinta? Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. In ba mu cikin aikin, to wasu ne za su ba da labarinmu yadda suka ga dama. Dubi marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta zama editar Sunday Triumph a Kano, ta kuma riƙe New Nigerian a Kaduna a 1987, da lulluɓinta da mutuncinta, har Allah Ya karɓi ranta a Mina a aikin Hajjin 2015. Wa ya isa ya kira ta magulmaciya?

Don haka ke budurwa mai sha'awar wannan karatu, in ba ki sami babbar jami'a ba kada ki zauna jira shekaru na wucewa, ki shiga wadda kika samu, ki dai tabbatar hukuma ta amince da kwas ɗin. Ki zaunar da iyayenki da wanda zai aure ki ku yi maganar tun wuri, don aikin yana da fitar safe da ta yamma, ba a ɓoye wannan. Ke kuma uwargida da ke cikin ɗaki, ko ba ki taka ƙofar jami'a ba, tambayoyin nan shida kyauta na ba ki. Kafin ki danna tura saƙo, ki tambaye shi daga ina ya fito.

Allah Ya tsare harsunanmu da yatsunmu, Ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.